Yadda Ake Haɗa Poliyimid Mai Narkewa Kuma Mai Jure Zafi

Tun a shekarun 1960 kamfanin DuPont ya fitar da Kapton, wato siririn falle mai launin rawaya mai duhu wanda yake aiki daga sanyin digiri 269 ƙasa da sifiri har zuwa zafin digiri 400 a ma'aunin Salshiyas. Da shi aka yi garkuwar rana mai falle biyar ta na'urar hangen nesa ta James Webb da aka harba a watan Disamba na 2021. Sai dai wannan polima, wato sinadari mai doguwar sarƙa, wadda take cikin dangin poliyimid, tana da halin da ya daɗe yana ci wa masu sarrafa ta tuwo a ƙwarya: da zarar an kammala haɗa ta, babu wani ruwan narkarwa na yau da kullum da zai narkar da ita, kuma wuta ba ta mayar da ita ruwa balle a zuba ta a mazubi. Dole a ba ta siffar da ake so tun tana matakin farko, matakin da ba ya jure ajiya kuma yake fitar da ruwa yayin gashi. Wannan jagora ta shafi hanyar kauce wa matsalar, wato haɗa poliyimid aromatik da aka kammala rufe zobbanta na imid amma har yanzu tana narkewa, ba tare da ta rasa juriyar zafi ba.

Akwai kalmomi biyu da ya kamata a daidaita tun yanzu. A Hausa "narkewa" tana ɗaukar ma'ana biyu, narkewar abu a cikin ruwa da kuma narkewarsa saboda zafi. A nan duk inda aka ce narkewa ana nufin ta farko, idan kuma ta biyu ake nufi za a ce narkewar zafi. Kalmar "aromatik" kuwa ba ta da alaƙa da ƙamshi a wannan fage. Tana nufin sarƙar polimar ta ƙunshi zobban benzin. Dukkan ma'aunin zafi da za a ambata na Salshiyas ne.

Dalilin da ya sa abin yake yiwuwa

Mutane da yawa suna ɗauka cewa juriyar zafi da ƙin narkewa abu ɗaya ne, don haka duk wanda ya nemi ɗaya sai ya haƙura da ɗayan. A ganina wannan fahimta ita ce babban abin da yake ɓatar da masu fara aiki a fagen, domin asalin halayen biyu daban ne. Juriyar zafi tana fitowa daga cikin sarƙa ɗaya: ƙarfin ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyin zarra shi ne yake hana sarƙar tsinkewa, taurin zobban kuma shi ne yake ɗaga zafin laushi, wanda ake yi wa alama da Tg, wato inda polimar take barin halin gilashi ta fara laushi. Ƙin narkewa kuwa yana fitowa daga tsakanin sarƙoƙi. Sarƙoƙin Kapton, waɗanda aka gina daga monoma biyu, wato tubalan sarƙar, PMDA (dayanhaidiraid, mai rukunin anhaidiraid biyu) da ODA (dayamin, mai rukunin amin biyu), shimfiɗaɗɗu ne, suna kwanciya a kan juna ba tare da gurbi ba, kuma sashen dayamin mai yalwar lantarki yana jan sashen imid mai ƙarancinta na sarƙar da ke kusa. Wannan jan juna shi ne yake ba fallen launinsa, shi ne kuma yake hana ruwan narkarwa kutsawa.

Aikin mai haɗawa ke nan ya hana sarƙoƙi matsuwa da juna, amma ya bar kowace sarƙa da taurinta. Hanya mafi sauƙi ita ce sanya gaɓoɓi masu lanƙwasa, irin su gaɓar ether da ta salfon, a tsakanin zobba. Haka aka yi Ultem, wadda General Electric ya fitar a 1982. Tana narkewa a ruwan narkarwa irin su kulorofom da NMP, ana kuma iya sarrafa ta da narkewar zafi, amma Tg ɗinta ya sauko zuwa kusan digiri 217. An samu narkewa, an biya da tauri. Hanya ta biyu, wadda na fi so, ita ce cusa wani ƙaton rukuni wanda yake ture sarƙar maƙwabta kuma a lokaci guda yake hana zobban juyawa. Rukunin C(CF3)2 da ke tsakiyar 6FDA, wani dayanhaidiraid mai fulorin, misali ne, haka ma rukunin fuloren da masana na Mosko irin su Korshak da Vinogradova suka yi dogon aiki a kansa a ƙarƙashin sunan polimomin kado, inda wani faffaɗan zobe yake tsaye a gicciye da sarƙa. Hanya ta uku ita ce rusa daidaito: Matrimid 5218 tana narkewa ne saboda dayamin ɗinta mai indan karkatacce ne kuma gauraye ne na siffofi biyu, duk da haka Tg ɗinta ya haura digiri 300. Abin da ban ba da shawararsa ba shi ne rataya dogayen sarƙoƙin kabon da haidirojin marasa zobe. Suna narkarwa sosai, amma su ne farkon ƙonewa a iska.

Misalin da za a bi a nan shi ne 6FDA da ODA, milimol 10 kowanne. An zaɓe su ne domin ODA tana haɗuwa da sauri, polimar ba ta fita daga ruwan narkarwa a tsakiyar aiki, kuma sakamakon sananne ne, ta yadda mai koyo zai gane ko ya yi daidai.

Mataki na farko: kariya da tsarkakewa

Aikin na ɗakin gwaje-gwaje ne mai akwatin zuƙe hayaƙi, a ƙarƙashin kulawar wanda ya san sinadaran. ODA tana cikin sinadaran da ake tuhuma da haddasa ciwon daji, don haka ba a barin ƙurarta ta tashi. NMP da DMAc, ruwan narkarwar da za a yi amfani da su, suna ratsa fata kuma suna cutar da ɗan tayi, wanda shi ne dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da NMP a wuraren aiki daga 2020. Safar hannu ta roba mai suna butil ta fi siririyar safar naitiril kariya daga NMP. Asetik anhaidiraid yana ƙona ido da maƙogwaro, piridin da metanol kuma suna kama wuta.

Babban abokin gabar wannan aiki shi ne danshi, kuma lissafi ɗan kaɗan zai nuna girman barazanar. Za a yi amfani da kusan giram 36.5 na ruwan narkarwa. Idan yana ɗauke da ruwa kashi 500 cikin miliyan, wanda ba abin mamaki ba ne a kwalbar da aka sha buɗewa, to akwai miligiram 18 na ruwa a ciki, wato milimol 1. Rukunan anhaidiraid da ke cikin filas gaba ɗaya milimol 20 ne. Ke nan wannan ɗan ruwa da ido ba ya gani yana iya lalata ɗaya cikin kowane ashirin, ya mayar da su asid da ba ya haɗuwa da amin a zafin ɗaki, kuma duk rukunin da ya lalace ƙarshen sarƙa ne da ya mutu.

Saboda haka a tace NMP ko DMAc ta hanyar tururi a kan kalsiyam haidiraid a ƙarƙashin ragaggen matsin iska, a adana shi a kan ƙwayoyin tsotse danshi na 4A da aka gasa, ko kuma a buɗe sabuwar kwalba mara ruwa a ja da sirinji. A gasa 6FDA a tanda mai zuƙe iska a digiri 150 zuwa 160 har kwana ɗaya, domin duk zoben da danshi ya buɗe ya sake rufewa. Idan akwai na'urar tsarkakewa ta tururin da yake daskarewa kai tsaye, ta fi. ODA mai tsarki fara ce ko kusa da fara. Idan ta yi ruwan ƙasa ko shunayya, iska ta taɓa ta, sai a sake tsarkake ta daga etanol ko ta hanyar tururi, a busar. A auna zafin narkewarsu don tabbatarwa: ODA a wajajen digiri 190, 6FDA a wajajen 245. Kayan gilashi su kwana a tanda a digiri 120, a harhaɗa su da zafinsu, a bar su su huce naitirojin yana ratsa su.

Mataki na biyu: awo

Nauyin mol ɗaya na ODA giram 200.24 ne, na 6FDA kuma 444.24. Don haka ana buƙatar giram 2.0024 na ODA da giram 4.4424 na 6FDA, a sikeli mai lamba huɗu bayan ɗigo. Wannan tsanani yana da dalili a lissafin Carothers. Idan aka ɗauka haɗuwa ta kai ƙarshe, matsakaicin adadin monoma a sarƙa shi ne (1 + r) a raba da (1 − r), inda r yake nufin rabon monoma mai ƙaranci a kan mai yawa. Kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari, wato miligiram 44 na 6FDA da suka maƙale a takardar awo ko a wuyan filas, yana tsayar da sarƙa a 199, nauyin da ya kai kusan 60,000. Kuskuren kashi biyu yana saukar da ita zuwa 99. Ruwan nan da aka lissafa a sama, idan ya yi dukkan ɓarnar da zai iya, zai kai r zuwa 0.95, sarƙa ta tsaya a 39, kuma polima irin wannan takan ba da falle mai gautsi da yake farfashewa a hannu.

Jimillar busassun sinadaran giram 6.4448 ce. Don samun kashi 15 cikin ɗari na daskararre, ana buƙatar giram 36.5 na ruwan narkarwa, wato kusan mililita 35 na NMP ko 39 na DMAc. Kada a tsinka fiye da haka da sunan sauƙin damawa, domin yawan ruwan narkarwa yana nufin yawan danshi, kuma yana rage saurin haɗuwar ƙarshen sarƙoƙi.

Mataki na uku: haɗa poliyamik asid

A ɗauki filas mai baki uku na mililita 100 ko 250, a sa masa sandar damawa ta inji a tsakiya, mashigar naitirojin a baki ɗaya, da mafita mai bututun busarwa a ɗayan. Maganaɗisun damawa ba zai wadatar ba, domin idan aiki ya yi kyau kaurin da za a samu zai tsayar da shi. A zuba ODA da kusan kashi uku cikin huɗu na ruwan narkarwa, a dama har ta narke sarai, sannan a nutsa filas a ruwan ƙanƙara.

Sai a zuba 6FDA a matsayin busasshen gari, kashi uku ko huɗu, cikin kimanin rabin awa, a yi amfani da ragowar ruwan narkarwa wajen wanke mazurari da wuyan filas zuwa ciki. Wannan tsari na dayamin da fari, dayanhaidiraid daga baya, ba al'ada ce kawai ba. Garin yana narkewa a hankali, kuma duk ƙwayar da ta narke tana tarar da amin mai yawa yana jiranta, amin kuma ya fi ruwa saurin kai wa anhaidiraid hari. Idan aka juya tsarin, anhaidiraid zai zauna a narke shi kaɗai tare da duk danshin da ke wurin. Sanyin kuwa yana da amfani biyu: haɗuwar tana fitar da zafi kuma tana iya komawa baya, don haka sanyi yana tura ta gaba, sannan yana hana rufewar zobe da wuri, wadda take sakin ruwa a cikin filas.

Bayan awa ɗaya a cire ƙanƙara, a ci gaba da damawa a zafin ɗaki na awa 12 zuwa 24. 6FDA ba ta kai PMDA zafin nama ba, saboda haka kada a yi gaggawar yanke hukunci a awannin farko. Alamar nasara ita ce ruwan ya yi garau, launinsa rawaya mai haske, ya yi kauri har ya fara hawa sandar damawa, kumfar naitirojin kuma tana tashi a hankali. Idan washegari ruwan yana nan tsararo, ko danshi ne ko awo, kuma ƙarin lokaci ba zai gyara shi ba. Wasu sukan ƙara kashi ɗaya cikin ɗari na dayanhaidiraid don cike gurbin wanda ya lalace, kuma yakan taimaka, amma na fi ganin a sake tsarkakewa a fara daga tushe, domin sakamakon da aka samu da ƙiyasi ba ya maimaituwa.

Abin da ke cikin filas yanzu shi ne poliyamik asid, wato matakin farkon nan da zobban imid ba su riga sun rufe ba, matakin da Sroog da abokan aikinsa na DuPont suka bayyana a 1965. Ba ya jure ajiya, domin rukunin asid da ke kusa da kowane ɗaurin amid yana taimakawa wajen tsinka shi. A ɗebi ɗan kaɗan don gwaji, a wuce mataki na gaba a ranar. Idan dole ne a ajiye, sai a rufe shi ruf a firiza.

Mataki na huɗu: rufe zobe

Hanyoyi uku ne, kuma zaɓin yana shafar narkewar abin da za a samu fiye da yadda ake zato. Ta farko ita ce gashi: a shimfiɗa poliyamik asid a gilashi, a gasa awa ɗaya a digiri 100, awa ɗaya a 200, awa ɗaya a 300. Da ita ake samun poliyimid marasa narkewa, amma ga mai neman narkewa tana da illa, domin zafi mai tsanani yana ba sarƙoƙi damar matsuwa, wani lokaci ma yana ɗaure su da juna, sai polimar da ya kamata ta narke ta tsaya a kumbura kawai. Ta biyu ita ce dafawa a cikin ruwan narkarwa a digiri 160 zuwa 180, tare da tolwin ko zailin da tarkon Dean da Stark don janye ruwan da ake saki, wanda a wannan awo giram 0.36 ne kacal. Danginta ita ce hanyar mataki ɗaya a cikin meta-kiresol da ɗan aisokwinolin a digiri 180 zuwa 200, wadda ta fi dacewa da dayamin masu jinkirin haɗuwa.

Ta uku, wadda za a bi a nan, ita ce rufewa da sinadari. A tsinka ruwan da busasshen NMP zuwa kusan kashi 10 cikin ɗari, a zuba piridin mililita 4, sannan asetik anhaidiraid mililita 4.7 ɗigo-ɗigo ana damawa da ƙarfi. Kowannensu milimol 50 ne, wato ninki biyu da rabi na rukunan amik asid. Idan aka zuba da sauri, polima takan dunƙule a inda ɗigon ya sauka. A dama a zafin ɗaki na awa 24, ko kuma awa ɗaya a zafin ɗaki sannan awa uku zuwa huɗu a digiri 80 zuwa 100. Ruwan zai ɗan ƙara duhu amma ya kamata ya zauna garau, kuma wannan shi ne shaidar farko cewa poliyimid ɗin mai narkewa ce; da PMDA da ODA ne, da tuni filas ya daskare.

Akwai tarko guda a wannan hanya. Zoben yana iya rufewa ta kan ƙwayar zarrar oksijin maimakon ta naitirojin, a samu aisoyimid, wanda ya fi narkewa amma bai kai imid ƙarfi ba kuma danshi yana buɗe shi. Piridin yakan bar ɗan kaɗan, tirayetilamin kuma ya fi kai wa ga imid zalla. Dumamawar da aka ambata da gashin ƙarshe suna mayar da aisoyimid zuwa imid, don haka kada a tsallake su.

Mataki na biyar: fitarwa, wanki da busarwa

A zuba ruwan a siririn zare cikin metanol mililita 500 da ake juyawa da ƙarfi. Polima mai doguwar sarƙa tana fitowa fara, zare-zare, tana nannaɗe sanda. Idan gari ya fito, ko metanol ya yi fari ya ƙi kwantawa, sarƙar gajera ce. A tace, a yayyanka zaren, a wanke da sabon metanol sau uku, kuma idan za a yi gwaje-gwajen da za a dogara da su, a wanke shi kwana ɗaya a na'urar Soxhlet, ko a sake narkarwa a sake fitarwa. A busar a tanda mai zuƙe iska, digiri 100 na dare ɗaya, sannan 200 na awa shida ko fiye. NMP yana tafasa a digiri 202 kuma yana riƙe poliyimid da ƙarfi, don haka busarwa a digiri 80 ba ta fitar da shi. Nauyin kowane sashe mai maimaituwa 608.45 ne, ke nan iyakar abin da za a iya samu giram 6.08 ne, wanda ya samu fiye da haka ruwan narkarwa ya auna.

Mataki na shida: tabbatar da abin da aka haɗa

A na'urar infirared, imid yana bayyana a wurare huɗu, a ma'aunin cm⁻¹: wajajen 1780 da 1720 na kabonil, 1375 na ɗaurin kabon da naitirojin, da 720 na lanƙwasar zobe. Alamun amik asid a wajajen 1660 da 1545, da faffaɗan tudun da ke kusa da 3000, dole su ɓace. Kafaɗa a kusa da 1800 tana nuna aisoyimid. A nan narkewa tana ba da wata riba da Kapton ba ta bayarwa, wato ana iya yin NMR, gwajin da yake nuna inda ƙwayoyin haidirojin suke a sarƙa, bayan an narkar da polimar: haidirojin na amid yana fitowa tsakanin 10 da 11 a ma'aunin ppm, rashinsa kuma ya fi infirared tabbatar da cewa zobba sun rufe.

Tsawon sarƙa ana ƙiyasta shi da bututun Ubbelohde, mai auna kaurin ruwa, a digiri 30. A narkar da giram 0.125 a mililita 25 na NMP, wato giram 0.5 a kowace desilita, a tace, a auna lokacin gangarowar ruwan narkarwa zalla da na polima, sannan a raba logaridim na asali na rabonsu da 0.5. Alal misali, idan na farko daƙiƙa 100 ne na biyu 150, sakamakon 0.81 ne. Daga 0.5 zuwa sama akan samu falle mai ƙwari. Ƙasa da 0.3 da wuya ya ɗauku daga gilashi. Idan za a yi GPC, wato gwajin nauyin sarƙa, a DMF ko NMP, a sa ɗan litiyam buromaid, in ba haka ba ragowar asid zai sa nauyin ya bayyana fiye da gaskiyarsa.

Gwajin narkewa kansa yana buƙatar gaskiya. An saba sa miligiram 10 a mililita 1 a rubuta "tana narkewa", amma kashi ɗaya cikin ɗari ba ya shimfiɗa falle. A gwada kashi 1 da kashi 10, a NMP, DMAc, DMF, DMSO, THF, kulorofom da aseton, a rubuta ko ta narke a zafin ɗaki, ko sai da ɗumi, ko kumbura ta yi, sannan a sake dubawa bayan kwana biyu, domin wasu sukan narke da ɗumi su daskare daga baya. Narkewa a THF ko kulorofom ta fi daraja, saboda suna bushewa a ƙaramin zafi.

Mataki na bakwai: falle da gwajin zafi

A narkar da polimar kashi 10 cikin ɗari a DMAc, a tace da matatar PTFE, a bari kumfa ta fita, a zuba a gilashi mai tsabta da aka daidaita kwanciyarsa. A fara da digiri 60 zuwa 80 a busasshen wuri har ya daina danƙo, sannan 150, 200 da 250 a tanda mai zuƙe iska. Gaggawa tana kawo ƙuraje, iska mai danshi kuma tana sa fallen ya yi fari ya rasa garau. A jiƙa gilashin a ruwa fallen ya ɓanɓaru da kansa, a sake busarwa. Kafin kowace na'ura, a ninke shi a danne da farce: idan ya yi layi bai tsage ba, sarƙa ta isa.

A TGA, na'urar da take auna raguwar nauyi yayin ɗumamawa, a ɗora miligiram 5 zuwa 10, a ɗaga zafi digiri 10 a minti har 800, sau ɗaya a naitirojin, sau ɗaya a iska. Polimar da aka haɗa da kyau ba ta rasa kashi 5 na nauyinta sai wajajen digiri 500 ko sama, kuma a naitirojin takan bar fiye da rabin nauyinta a matsayin gawayi. Duk raguwar nauyi tsakanin 150 da 300 ba rugujewa ba ce, ragowar ruwan narkarwa ne ko zobban da ba su rufe ba. Poliyamik asid na wannan haɗi yana rasa kashi 5.6 cikin ɗari idan ya rufe gaba ɗaya, adadin da shi kaɗai ya isa ya ɓata lissafin. A fitar da hayaƙin na'urar waje, domin polima mai fulorin tana sakin haidirojin fuloraid idan ta ruguje. A DSC, na'urar da take auna zafin da abu yake sha ko fitarwa, a ɗumama zuwa 350, a sanyaya, a ɗauki Tg daga zagaye na biyu. Ana sa ran wajajen digiri 300. DMA, wadda take auna tauri yayin ɗumamawa, takan ba da lamba mafi girma, don haka a riƙa faɗin na'urar da saurin ɗumamawa tare da kowace lamba.

Ina so a kula da cewa digiri 500 na TGA ba zafin aiki ba ne. Gwaji ne na awa ɗaya da 'yan mintuna. Wanda yake son sanin inda kayan zai rayu sai ya ajiye falle a iska a digiri 250 ko 300 na ɗaruruwan awanni, yana auna nauyi da ƙwari lokaci-lokaci. Tg kuma shi ne rufin da ba a wucewa idan kayan zai ɗauki nauyi.

Abin da aka samu da abin da aka biya

Gurbin da aka buɗe tsakanin sarƙoƙi yana kawo riba: fallen ya fi Kapton haske sosai, yana shan danshi kaɗan, lambar dayelektirik ɗinsa, wato ma'aunin yadda abu yake riƙe cajin lantarki, takan sauka zuwa 3 ko ƙasa yayin da ta Kapton take wajajen 3.4, kuma iskar gas tana ratsa shi da sauri, abin da ya sa iyalin 6FDA suka yi suna wajen raba kabon dayoksaid da metan. Amma wannan gurbi yana da farashi. Ruwan da ya narkar da polimar a ɗakin gwaji zai lalata ta a wurin aiki. Buɗewarta da zafi, wato yadda take ƙara faɗi idan ta ɗumama, takan haura kashi 40 cikin miliyan a kowane digiri, alhali ta Kapton kusan 20 ce, ta jan ƙarfe kuma 17, don haka idan aka shafa ta a kan jan ƙarfe ko silikon tana iya lanƙwasa shi.

Wanda ya samu falle mai ƙwari daga wannan haɗi sau biyu a jere zai iya fara canza monoma, ɗaya a lokaci guda. Idan aka maye gurbin ODA da TFMB, wani dayamin mai fulorin, giram 3.2023, zobban biyu na dayamin suna murɗewa, fallen ya kusa rasa launi gaba ɗaya kuma Tg ya tashi. Sai dai rukunan fulorin suna raunana amin, don haka a ƙara lokacin damawa, a kuma ɗaga kauri zuwa kashi 20. Idan aka sa DAM, wani dayamin mai rukunan metil, giram 1.5022, rukunan metil uku suna kulle juyawar zobe, Tg ya haura digiri 350, gas kuma ya ratsa da sauri ninki-ninki, amma metil ɗin suna rage juriya a iska mai zafi. Idan buɗewa da zafi ce damuwa, a maye gurbin wani kaso na 6FDA da BPDA, wani dayanhaidiraid mai tauri, mai nauyin mol 294.22, a fara da kashi 25 cikin ɗari, a riƙa ƙarawa ana maimaita gwajin kashi 10 a kowane haɗi, har a kai kason da filas ya fara gurɓacewa yayin rufe zobe, sannan a koma kason da ya gabace shi.